Darasi na Tara: Neman Hanyar Shiga Fim ba Tare da Faɗawa Hannun 'Yan Damfara ba

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. Bayyana aikin wakilin ɗan wasa da yadda yake samun kuɗinsa.
2. Faɗin ƙofofin da aka saba bi a shiga fim ɗin Hausa.
3. Bambance kuɗin da ya dace a biya da kuɗin da bai kamata a biya ba.
4. Lissafa la'ada da abin da zai rage a hannun ɗan wasa.
5. Bincikar mutum ko kamfani kafin a ba shi kuɗi, hoto ko amanar ɗa.

GABATARWA

A Babban Mutum da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Baure, da wuya ka zauna wurin mai cajin waya ba ka ga ana tura wa wani sabon kashi na Labarina ko Daɗin Kowa ba. Cikin masu kallon akwai waɗanda suke cewa a ransu, "Ai ni ma zan iya." Wasunsu kuwa da gaske za su iya. Matsalar ita ce Kano da nisa, kuma ba su san kowa a harkar ba. A wannan giɓi ne ɗan damfara yake kafa rumfarsa.

Darasin ba na masu son fitowa a fim kaɗai ba ne. Uba da uwa da yaya da kawu, waɗanda za a zo a tambaya kuɗin mota ko izinin tafiya, su ma yana da kyau su san abin da ke ciki.

1. WANE NE WAKILI?

Duk wanda ya taɓa kai dabba kasuwar Mai'adua ya san dillali. Kai ke da saniya, shi ya san masu saye, ya san farashin ranar. Yana tsayawa a yi ciniki, idan an sallama an biya, sai ya karɓi la'adarsa. Idan ba a sayar ba, ba ya bin ka ko sisi. Wakilin ɗan wasa haka aikinsa yake: kai ke da basira, shi ya san masu shirya fim, shi zai nemo maka aiki, ya tsaya a kan kuɗinka, ya duba takardar da za ka sa wa hannu.

A Amurka, inda wannan sana'a ta fi kafuwa, wakilin da ƙungiyar 'yan wasa ta amince da shi yana karɓar kashi 10 cikin 100 na abin da aka biya ɗan wasa. A jihar Kalifoniya, inda Hollywood take, sai da lasisin gwamnati mutum zai yi wakilci, kuma a 2009 jihar ta yi dokar da ta hana karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki da sunan za a wakilce shi. Dalilin dokar a fili yake. Wanda ya riga ya karɓi kuɗinka ba shi da sauran abin da zai sa ya wahala wajen nemo maka aiki. Wanda kuwa abincinsa ke rataye da naka, dole ya tashi tsaye.

AKWATIN MA'ANA NA 1
Wakili: mai nemo wa ɗan wasa aiki, ya yi ciniki a madadinsa.
La'ada: kason da wakili yake ɗauka daga kuɗin aiki bayan an biya.
Furodusa: mai ɗaukar nauyin shirya fim, shi ke biyan ma'aikata.
Darakta: mai ba da umarni a wurin ɗaukar fim.

Misali na 1
A ce an biya wani ɗan wasa ₦60,000 a aikin da wakilinsa ya samo masa, kuma sun yi da shi a kan kashi 10 cikin 100. Raba 60,000 gida 10, ka sami 6,000. Wannan ita ce la'ada. Saura ₦54,000. In ya kashe ₦14,000 a mota da abinci, abin da zai shigo da shi gida ₦40,000 ne. Waɗannan alƙaluma na koyon lissafi ne kawai, ba farashin kasuwa ba ne.

2. YADDA ABIN YAKE A FIM ƊIN HAUSA

A nan sai a natsu, domin nan ne mutane suka fi ruɗewa. Masana'antar fim ta Hausa ba a kan wakilai aka gina ta ba. Daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ta taso. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin wanda ya buɗe kasuwar bidiyon Hausa. Kafin wannan akwai 'yan wasan rediyo da talabijin irin su Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi, wato Samanja, waɗanda suka yi suna tun ba a san kaset ɗin bidiyo a ƙauye ba. Duk cikinsu babu wanda wani ofishin wakilci ya gano.

Har yau ƙofofin da aka saba bi ba su wuce waɗannan ba. Ta farko ubangida. Yaro yakan raɓi wani furodusa ko darakta ko babban jarumi, ya yi ta hidima a kamfaninsa, ya ɗauki kaya, ya riƙe fitila, a ba shi fitowa ɗaya ko biyu, har a gane abin da zai iya. Shi ya sa za ka ji ana cewa wane yaron FKD ne, kamfanin Ali Nuhu, ko wane a Saira Movies ya taso, kamfanin Aminu Saira mai Labarina. Ofisoshin 'yan fim da yawa a Kano suna kan titin Gidan Zu da kewayensa. Ta biyu gwaji, wanda tashoshi irin su Arewa24, da ta fara aiki a 2014, da wasu kamfanoni sukan kira idan za su fara sabon shiri mai dogon zango. Ta uku ita ce sabuwa: mutum ya riƙa yin gajerun wasanni da wayarsa yana sawa a YouTube ko TikTok har wani mai shiri ya gan shi ya neme shi.

Tsarin ubangida yana da amfaninsa, yana kuma da illarsa. Yana koya wa yaro aiki da ladabin sana'a, amma sau da yawa babu maganar kuɗi a fili, kuma yaro yakan ji nauyin tambaya. Manyan jarumai da mawaƙa kan ɗauki manaja mai kula da harkokinsu, sai dai wannan bayan suna ya samu ne. Sabon shiga bai cika samun mai yi masa wannan ba.

Saboda haka duk wanda ya turo maka saƙo ya ce shi wakilin Kannywood ne mai ɗaukar sababbin jarumai daga jihohi, tun daga nan ya kamata ka ɗaga kunne. Kannywood, wato masana'antar fim ɗin Hausa, ba kamfani ɗaya ba ce mai ma'aikatan ɗaukar mutane. Kamfanoni ne barjat, kowa da ofishinsa da mai shi.

Zama ɗan ƙauye ko baƙo a Kano ba ya hana mutum. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, mutumin Ɗanlasan ne ta ƙaramar hukumar Warawa, kuma aikin gidan yari ya yi kafin barkwanci ya ɗauke shi. Nafisa Abdullahi daga Jos ta zo, Rahama Sadau daga Kaduna, Hadiza Gabon kuwa a ƙasar Gabon aka haife ta.

AKWATIN MA'ANA NA 2
Ubangida: babba a sana'a wanda yaro yake koyon aiki a ƙarƙashinsa.
Gwaji: zaman da ake kiran masu sha'awa su gwada wasa a gaban masu shiri, a zaɓi waɗanda suka dace.
Lokeshin: wurin da ake ɗaukar fim.
Sallama: kuɗin da ake ba ɗan wasa idan ya gama aikinsa.

3. HUKUMOMI DA ƘUNGIYOYI

Wuraren da za ka iya zuwa da ƙafarka ka yi tambaya suna nan. A Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, ita ke yi wa 'yan fim da kamfanoninsu rajista a jihar. A 2023, bayan an naɗa Abba El-Mustapha, wanda shi ma ɗan wasa ne, ya shugabance ta, hukumar ta soke lasisin 'yan fim ta ce kowa ya sake rajista. Darasin da ke nan shi ne, katin da mutum ya nuna maka yana iya zama tsoho, sai ka duba kwanan wata. Akwai kuma MOPPAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu shirya fim, mai rassa a jihohin Arewa. Kamfani kuwa, kowane iri ne, rajistarsa tana wurin hukumar CAC ta tarayya.

Mai son karatun abin sosai, akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya wadda aka ba Ali Nuhu shugabancinta a Janairun 2024. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano su ma suna da sashen koyar da wasan kwaikwayo.

4. KUƊIN DA AKE BIYA DA WANDA BA A BIYA

Ba kowane kuɗi ne damfara ba. Kuɗin rajistar hukuma ko ƙungiya, wanda ka biya a ofis aka ba ka rasit mai hatimi, daidai ne. Kuɗin makarantar da ke koyar da kai, mai aji da malami da lokacin farawa da gamawa, daidai ne. Kuɗin hoto da na motarka, kai za ka biya.

Wanda ba a biya shi ne kuɗin "a saka ka a fim". Sunansa yana canzawa: yau kuɗin fom, gobe kuɗin kati, jibi kuɗin kayan sawa ko na ajiye maka gurbi. Alamarsa ɗaya ce: ana so ka tura kafin ka ga ofis, kafin ka ga fuskar mai karɓa, kuma ana gaggauta ka.

Akan sami wanda zai karɓi kuɗin kuma ya haska fuskarka a fim ɗin da gaske. Ko a nan ba aiki ka samu ba, saye ka yi. Mai shirin da ke rayuwa da kuɗin 'yan wasa bai damu da ko fim ɗin zai yi kyau ba, domin ribarsa ta riga ta fito daga aljihunka.

Misali na 2
Wani ya buɗe zaure a WhatsApp, ya sa hoton wani babban jarumi, ya ce fom ₦10,000. Mutum 150 suka biya. Ninka 10,000 sau 150, ka sami ₦1,500,000. Bai sayi batir ɗin kyamara ko ɗaya ba, bai ɗauki hayar gida ba, bai rubuta labari ba. Kowane ɗaya cikin mutanen nan yana ganin dubu goma ce kawai ta tafi, ba ta kai a je wurin 'yan sanda ba, ga kuma kunyar a ji. A kan wannan shirun ɗan damfara ya dogara.

AKWATIN MA'ANA NA 3
Damfara: karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara da alkawarin ƙarya. Laifi ne a dokar Nijeriya, ana kai ƙararsa wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC.
Rasit: takardar shaidar biyan kuɗi mai sunan wanda ya karɓa, da adadi, da kwanan wata.

5. YADDA AKE BINCIKE

Fara da sunan kamfani. Wanda ya iya waya a gidanku ya buɗe shafin binciken sunaye na CAC a intanet, kyauta ne. Akwai gurbin da za a rubuta sunan. Idan kamfanin yana da rajista, zai fito da lambarsa da ranar da aka yi masa rajista, a kuma nuna ko yana aiki ko ya kwanta. In bai fito ba, ka sami amsa. In ya fito, bincike bai ƙare ba, domin ɓarawo yana iya aron sunan kamfanin kirki. Sai ka duba lambar asusun da aka turo: idan ka sa ta a waya ko wurin mai POS, sunan wa ya fito? Kamfani ne, ko wani mutum dabam da ba a taɓa ambata maka ba?

Daga nan tambayi aikin da suka yi a baya. Fim ba a ɓoye yake ba. A farkonsa ko ƙarshensa ana rubuta sunan furodusa da darakta da sauran ma'aikata. Nemi fim ɗin, tsayar da shi a wurin sunaye, ka karanta. Sannan ka nemi wani da ya taɓa aiki da su, wanda kai ka samo shi, ba wanda su suka haɗa ka da shi ba.

Hoton jarumi a kan lambar waya ba shaida ba ne, kowa zai iya saukewa ya liƙa. Manyan jarumai sun sha fitowa suna gargaɗi a kan masu buɗe shafuka da sunansu. Ko murya ma yanzu ana iya kwaikwayonta da na'ura. Abin da har yau ya gagari ɗan damfara shi ne ofis mai ƙofa, da maƙwabta da suka san shi. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Misali na 3
Wani yaro mai koyon ɗinki ya zo wa kawunsa da maganar fom. Kawun ya karɓi wayar ya kira lambar.

Kawu: Salamu alaikum, Malam. Ni ne kawun yaron da kuka ce za ku saka a fim. A ina ofishinku yake a Kano?
Mutumin: Alhaji, ai muna lokeshin, ba ma zaman ofis yanzu. A dai tura kuɗin, gurbi biyu ya rage.
Kawu: To madalla. Yaya sunan kamfanin, kuma wane fim kuka yi na baya?
Mutumin: Haba Alhaji, rashin yarda ne? Ni fa na hannun daman oga ne.
Kawu: Ba haka ba ne, Malam. Ran Litinin ina da shiga Kano ta Babura. Sai in kawo kuɗin da hannuna, in gaisa da maigidan naka, a ba ni rasit.
Mutumin: Kafin Litinin an rufe.
Kawu: To, Allah ya sa hakan ya fi alheri.

Lura da cewa kawun bai zagi kowa ba, bai kira shi ɓarawo ba. Tambaya uku ya yi: ina ofis, wane aiki kuka yi, zan iya zuwa? Ba a amsa ko ɗaya ba. Mai gaskiya waɗannan tambayoyi ba sa ɓata masa rai, sau da yawa ma shi zai ce a zo da babba.

6. A RUBUTA A TAKARDA

A Fabrairun 2022 dattijuwar 'yar wasa Ladin Cima, wadda ta shafe shekaru masu yawa a harkar, ta faɗa a hira da BBC Hausa cewa sallamar da ake ba ta takan kasance 'yan dubbai ƙalilan, daga dubu biyu zuwa biyar. Wasu furodusoshi da daraktoci suka fito suka ce sun biya ta fiye da haka nesa ba kusa ba. Aka yi ta muhawara har ta kai makonni. Ba aikin wannan darasi ba ne ya raba gardamar. Abin lura shi ne gardama irin wannan tana tsawo ne a inda aka saba yin aiki da baki. In dattijuwa mai suna za ta shiga irin wannan da abokan aikinta, ina ga baƙon da ya sauka a tasha jiya?

Yarjejeniya ba sai ta yi shafi goma ba. Ko rabin takarda ce, ta ƙunshi sunan kamfani da na ɗan wasa, sunan fim, kwana nawa za a yi, nawa za a biya da ranar biya, wa zai ɗauki nauyin mota da abinci da masauki. In da wakili ko manaja a tsakani, a rubuta kasonsa, da tsawon lokacin da za ku yi tare, da yadda za a rabu in an gaji da juna. Ka guji takardar da ta ɗaure ka shekaru ba tare da ta ɗora wa ɗaya ɓangaren komai ba. In karatunka bai yi ƙarfi ba tukuna, ka ce za ka tafi da ita gida a karanta maka. Wanda ya hana ka wannan, kada ka dangwala masa yatsa.

AKWATIN MA'ANA NA 4
Yarjejeniya: abin da ɓangarori biyu suka amince da shi, aka rubuta, kowa ya sa hannu a gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa.

7. 'YAN MATA DA IYAYENSU

Abin da ake nema a wurin yarinya wani lokaci ba kuɗi ba ne. Gwajin gaskiya da rana ake yinsa, a ofis ko zaure, a gaban mutane. Ba a yinsa a ɗakin otal, ba a yinsa da dare, ba a kuma neman hoton da yarinya za ta ji kunyar mahaifiyarta ta gani. Hoto in ya bar wayarki ya bar hannunki. A 2007 wani bidiyon sirri da aka ɗauka da waya ya bazu a Kano, abin da ya jawo aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka kuma tsaurara dokoki a kan masana'antar gaba ɗaya. Kamfanonin kirki sukan nemi yarinya ta zo da iyayenta ko waliyyinta kafin su karɓe ta. Wanda ya ce ki taho kada ki gaya wa kowa, ya riga ya gaya miki ko shi wane ne.

Mu da ke bakin iyaka muna da ƙarin abin kula. Hanyoyin ƙasar Daura, irin ta Kongolam, suna cikin waɗanda masu safarar mutane ke bi zuwa Damagaram da Agadas har Libiya, kuma alkawarin aiki shi ne tarkonsu. In aka ce fim ɗin a wata ƙasa za a yi, a kawo fasfo ko katin ɗan ƙasa a riƙe, to a sanar da mai gari da jami'an shige da fice, ko hukumar NAPTIP wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da wannan laifi. Yaro ko yarinyar da ba su kai shekara 18 ba kuwa, babba ne zai yi magana da sa hannu a madadinsu.

8. ABIN DA ZA KA TANADA TUN DAGA GIDA

Ubangida ko mai gwaji zai tambaye ka abin da ka taɓa yi. Tashen azumi, wasan makaranta, wasan wayar da kai a kan rigakafi ko zaɓe, duk aiki ne. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku shirya wasan minti uku, a ɗauka da waya a wuri mai haske, murya tana fita sosai. Ka tanadi hoto biyu na fuska da na tsaye, ba tare da an canza maka kama ba. Ka dage da karatu, domin takardar labari ake miƙa wa mutum a ce ya haddace layinsa kafin a kunna kyamara. Kada kuma ka sayar da keken ɗinkinka ko ka bar gonarka saboda fitowa ɗaya da aka yi maka alkawari.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mene ne aikin wakilin ɗan wasa, kuma yaushe yake karɓar la'adarsa?
2. Me ya sa jihar Kalifoniya ta hana wakili karɓar kuɗi kafin aiki?
3. Kawo ƙofofi uku da ake bi a shiga fim ɗin Hausa, ka faɗi amfani da illar tsarin ubangida.
4. An biya 'yar wasa ₦85,000, wakilinta yana da kashi 10 cikin 100. Nawa zai ɗauka, nawa zai rage mata?
5. Mutum 240 sun biya fom na ₦7,500 kowannensu. Nawa mai fom ya tara?
6. Sunan kamfani ya fito a shafin CAC, amma asusun da aka turo maka na wani mutum ne dabam. Me za ka yi?
7. Waɗanne tambayoyi uku kawu ya yi a Misali na 3? Wace tambaya ta huɗu za ka ƙara?
8. Lissafa abubuwa biyar da ya kamata a samu a yarjejeniyar ɗan wasa.
9. Ƙanwarki ta ce an kira ta gwaji a Kano, amma an ce kada ta gaya wa Baba. Me za ki ce mata, kuma wa za ki sanar?
10. Aikin aji: ku rabu biyu-biyu, ɗaya ya zama mai neman kuɗin fom, ɗaya ya zama yayan mai son shiga fim. Ku yi wasan na minti uku a gaban aji, sauran ɗalibai su rubuta alamun damfara da suka ji.